Ɗakin Baba a Gidan Igiya

In kina da ƙanwa mai zanen gidaje, ga shawara kyauta: ki nemi bare ya zana miki naki. Bare in ya kawo shirme kya kalli tsabar idonsa ki ce ba kya so. Ƙanwa kuwa sai ta turo baki ta ce dama tun tana ƙarama ba kya ganin ƙoƙarinta.

Autarmu nake nufi. Ni na goye ta, ni na share mata majina, amma yau in ta fara bayanin yadda haske ke shiga ɗaki sai ki rantse ita ta raine ni. Ta yi karatun zanen gine-gine, ta buɗe ɗan ofis a saman wani shagon tayal, tebur ɗaya dogo, guntayen kwali ko'ina, ga warin gam. Duk duniya ba abin da take ƙauna irin ginin tsakiyar ƙarnin da ya wuce, na shekarun hamsin da sittin ɗin nan: gida dogo a kwance ba bene, rufi shimfiɗaɗɗe mai faɗin baki yana jefa inuwa, bulo mai huda-huda don iska ta ratsa, manyan tagogi daga sama har ƙasa, da kujeru masu siraran ƙafafu kamar ba su ci sun ƙoshi ba. In muna tafe a mota ta hango tsohon gidan waya ko wata tsohuwar makaranta, sai ta ce a tsaya. Mu muna ganin ginin da ke neman fenti, ita tana dafe da ƙirji tana sambatu.

A lokacin haya muke a saman bene, mu shida. Ni, malamar firamare, wadda muryarta ta saba da kaiwa bencin baya. Maigidana, ma'aikacin ɗakin magani a asibiti, wanda duk dangi ke kira Ba-Komai, don ko rufi ya rufto masa abin da zai ce ke nan. 'Yarmu ta fari da muke kira Rediyo, sunan ya isa bayani. Sai 'yan biyu maza, waɗanda ba su taɓa tafiya ba in akwai halin gudu. Sai kuma Baba, mahaifina.

Baba mai gyaran agogo ne, ko in ce a da. Shekara da shekaru yana zaune a ɗan shagonsa da gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsince-tsince cikin hanjin agogo da hantsaki. Aikin na son natsuwa, don haka tun muna yara ba maganar da muka fi ji a bakinsa irin, "Ku yi mini shiru!" Bayan rasuwar Inna na ɗauko shi ya dawo wurinmu, saboda idonsa ya fara hazo, likita kuma ya ce hazon ba mai washewa ba ne. Ya bar shago, amma bai bar "ku yi mini shiru" ba.

Ɗakin da muka ba shi a tsakiya yake, kicin ta hagu, falo ta dama, ƙofar kuma ta kumbura ba ta rufuwa. Da safe gidan nan sai wanda ya gani. 'Yan biyu na kokawa a kan safa, Rediyo na ba da labarin mafarkinta ba wanda ya tambaye ta, ni ina ihun wa ya ɗauki murfin kwanon abinci. Can sai murya ta fito daga ɗakin tsakiya: "Ku yi mini shiru!" Mu amsa baki ɗaya, "To, Baba!", "To, Kaka!", mu ɗora daga inda muka tsaya. Dariya muke yi, amma wallahi abin na cina a rai. Mutum ya tsufa, ya rasa matarsa, ga ido ya tafi, a ce ɗan hutun ma ya gagare shi a gidan 'yarsa?

Shi ya sa da Allah ya nufa muka samu fili a bayan gari, dogo siriri da bishiya ɗaya a can ƙarshensa, burina bai wuce ɗaya ba. Na ce wa Auta, "Ki yi duk haukan da kika ga dama, amma Baba ya samu inda zai huta."

Muka je ofishinta ni da maigidan, ta zaunar da mu a kan kujerun nan nata masu ƙafar sauro, ta ce kowa ya faɗi abin da yake so.

"Ni dai in samu inda zan ajiye mota da inda zan miƙe ƙafa," in ji maigidan. "Saura ba komai."

"Yaya, a irin ginin nan falo da wurin cin abinci da kicin duk a haɗe suke," in ji Auta. "Fili guda. Iska na yawo, haske na yawo."

"Ƙauri ma na yawo," na ce. "Ke yanzu baƙo ya shigo ya tarar da ni ina kankare gindin tukunya, gumi har haɓa? A gidan wa? Ki mayar mini da bangona."

"Haba Yaya, kin cika ƙauyanci."

"Na ji. Da ƙauyancin aka raine ki."

Muka ja, muka ja, har mai shagon tayal ya leƙo ya ga ko lafiya. A ƙarshe aka raba gardama: bango rabi, kanta a kansa, da murfin katako da zan ja in rufe in na ga baƙon da ban yarda da idonsa ba. Ta ci ni a kan tagogi, na ci ta a kan sito. A kan abu ɗaya ne kawai bakinmu ya zo ɗaya tun farko, wato ɓangaren Baba.

Kai, yarinyar nan ta iya aiki, a nan kam dole in faɗi gaskiya. Daga falo a bi doguwar hanya, gefe guda bulo mai huda-huda, rana na zubo da ɗige-ɗigen haske a daɓe. A ƙarshen hanyar ga ɗakin Baba, da banɗakinsa, da ɗan tsakar gida nasa shi kaɗai a gindin bishiyar. Ba matattakala ko ɗaya. Ƙarfen dafawa a jikin bango tun daga falo har bakin gadonsa. Ɗakunan yara kuwa ta wurga su can ɗaya ƙarshen filin, kusa da gareji. Da na gani sai da na rungume ta, abin da rabona da yi tun ranar da ta gama makaranta.

Tun da Baba ba ya ganin zane, sai ta yi ɗan samfurin gidan da kwali, mai rufin da ake ɗagewa, ta kawo masa wata ranar hutu da yamma. Muka kewaye shi muna washe baki. Ya ɗora shi a cinya, ya fara bi da yatsa. Yatsun mai gyaran agogo ne, ba sa gaggawa. Ya shafa falo, ya shafa kicin, ya sami bakin doguwar hanyar ya bi ta a hankali har ƙarshe.

"Nan fa?"

"Naka ne, Baba," in ji Auta.

Ya dawo da yatsan baya, ya sake bin hanyar. "Daga nan zan ji kicin?"

"Ko kaɗan!" na ce ina buga ƙirji. "Wallahi ko tukunya ta fashe ba za ka ji ba."

"Yaran fa?"

"Su da kai sai in ka aika a kira su."

Ya jinjina kai, ya mayar da rufin a hankali ya miƙa wa Auta. "Madalla. Aiki ya yi kyau, Allah ya sanya alheri. Ni dai ba zan je ba."

Na ɗauka wasa yake. Ashe ya riga ya gama shawara. Wai in mun tashi, shi zai koma ɗan ɗakin da ke bayan tsohon shagonsa. Na san ɗakin nan. A bakin tashar mota yake, taga ɗaya, dakali mai tsawo a ƙofa, ga buɗaɗɗiyar kwata tana wucewa ta gaba. Mai ido biyu ma sai ya yi hattara, balle wanda ke laluben kofin shayinsa a kan tebur. Gabana ya faɗi, sannan raina ya ɓaci, don ni haka nake, tsorona da fushi yake fitowa.

"Baba, mutumin da ke kukan hayaniyar jikoki uku, shi zai koma bakin tasha? Wannan wace irin magana ce?"

"Malama, ba aji kike ba," ya ce. "Sassauta murya."

Na rantse a gabansa ba za a sa bulo ko ɗaya a filin nan ba sai ya ce zai bi mu. Ya ce wannan kuma ruwana.

Daga nan muka shiga neman dalili, ni da Auta, kamar masu neman allura a cikin yashi. Ruwa ai ba ya tsami banza. Na ce ƙila yana ganin har yanzu ƙarar yara za ta bi hanyar nan ta same shi. Auta ta koma ofis ta ninka kaurin bangon, ta sa ƙofa a bakin hanyar, ta ƙara wata a tsakiya. Aka kawo samfuri. Baba ya shafa ƙofofin biyu, ya tura su da farce suka buɗe suka rufe.

"Madalla," ya ce. "Ina nan kan bakana."

Muka tura maigidan, wai ko maganar maza za ta fi shiga. Ya shiga ɗakin da sallama, suka daɗe. Ina kicin na kasa kunne, ba abin da nake ji sai hirar yadda agogon da ya fi na yanzu ƙarko. Ya fito yana murmushi.

"Me ya ce?"

"Ya ce ba komai."

"Shi ya ce ba komai, ko kai ka ce?"

Ya sosa ƙeya. "To, ɗayanmu dai ya faɗa."

Sai muka tura Rediyo leƙen asiri, tun da ita ko dutse ta zauna kusa da shi sai ya tanka. Ta dawo da rahoto: "Kaka ya ce wai a ɗakin nan in mutum ya yi tari, wa zai ce masa sannu?" Na tafa hannu na ce shi ke nan, an gano bakin zaren, tsoro yake kada ciwo ya kama shi ba kowa kusa. Auta ta sa ƙararrawa, maɓalli a gefen gado, wani a banɗaki, in ya danna ta kaɗa a ɗakina. Har da ɗan maɓallin roba ta manna a jikin samfurin don ya taɓa ya ji.

Ya taɓa. "Kamar a asibiti," ya ce. "Allah ya yi miki albarka, Auta. Ba zan je ba."

Ranar ni da Auta muka tsaya a kan matattakala muka yi ta cacar baki. Na ce duk laifin tagoginta ne, wane dattijo ne zai yarda ya zauna a gidan gilashi kamar kifin ado? Ta ce laifin bakina ne, ban iya lallashi ba, komai sai na yi shi kamar ina tsawata wa 'yan aji uku. Na ce ta maimaita in ta isa. Ta maimaita. Maƙwabciyarmu ta buɗe ƙofa ta ce don Allah jaririnta na barci.

Da muka huce, Auta ta ce, "Saura abu ɗaya. A kai shi gidan igiya."

Wannan wata dabara ce tata da abokan aikinta ke yi mata dariya a kai. Ba ta yarda a haƙa tushe sai ta je fili ta kafa turaku, ta ja igiya, ta zuba farar ƙasa a layin kowane bango, daidai girman da za a gina. Sannan ta kwaso masu gida su wuni a ciki, da kujerunsu da butar shayinsu, su yi zama irin na gida. Ta ce mutane na yi wa takarda ƙarya, amma ƙafa ba ta ƙarya. Doka ɗaya ce: ba a tsallake igiya. In za ka shiga ɗaki, ka bi ta inda ta bar ƙofa.

Ni na roƙi Baba ya ƙi. Auta ta je ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa ta langaɓe kai, ta ce ita dai ya zo ya sha iska ya sa mata albarka. Nan take ya ce a miƙo masa hularsa. 'Yar auta ke nan, mu sauran ashe 'yan riƙo ne.

Muka isa da hantsi. Ga fili fetal, ga fararen layuka a ƙasa, ga igiyoyi iya gwiwa. A can ƙarshe, gindin bishiya, Auta ta kafa sanduna ta rataya tamfol mai kauri ta gefen da ke kallonmu, wai don Baba ya ɗanɗana yadda bangon zai kare shi daga fitinarmu. Ta riƙe hannunsa ta bi da shi ta doguwar hanyar, tana cewa nan ƙofa ce, nan ma ƙofa ce, har ta zaunar da shi a kujerarsa a inuwa. Ta dawo tana kaɗe hannu.

"Ku ba shi lokaci," ta ce. "In ya ji daɗin shirun nan, da kansa zai ce a kawo siminti."

Mu kuwa muka shiga gidanmu. Maigidan ya ajiye mota a gareji, ya fito ya nufo falo kai tsaye.

"Yaya Ba-Komai, ka ratsa bango!" in ji Auta.

"Au. Ba komai."

"Da komai! Koma ka biyo ta ƙofa."

Bawan Allah ya koma, ya zagayo, har da goge ƙafa a bakin ƙofar da babu ita. Rediyo ta shige ɗakinta ta ce kowa ya ƙwanƙwasa kafin ya shigo. Na je na tsaya ina ƙwanƙwasa iska, ina cewa "ƙwas, ƙwas" da baki. Daidai lokacin wani mai keke ya zo wucewa. Ya tsaya, ya sauke ƙafa ɗaya, ya kalle ni, ya kalli maigidan da ke zaune a tsakiyar fili yana kallon talabijin ɗin da babu, ya girgiza kai ya ce, "Allah ya ba ku lafiya." Ya taka kekensa ya yi gaba. Dariya har na durƙusa.

Kuma gaskiya dabarar na aiki. Ina kunna risho a kicin na gane in na buɗe firij zan toshe hanyar sito. Auta ta tuge turke ta matsar. Maigidan ya gano rana za ta dake shi a ido in ya zauna inda yake so da yamma, ta ce za ta ƙara faɗin bakin rufin. 'Yan biyu suka gano cewa daga ɗakinsu zuwa falo filin tsere ne. Ana cikin tseren ɗaya ya harɗe da igiya ya kife, ya kurma ihu kamar an yanka shi. Na duba, ɗan ƙujewa ne a gwiwa. Na hura masa, na toshe bakin da biskit, ya yi tsit.

Shayi ya tafasa, na zuba na Baba a kofinsa. Na bi ƙa'ida, na shiga doguwar hanyar, na buɗe ƙofar farko ta iska, na buɗe ta biyu. Ina tafe ina shirya abin da zan ce: to Baba, ka ji yadda duniya take in ba mu? Tun a rabin hanya na lura muryoyin su Rediyo sun koma can ƙasa-ƙasa, sai kukan tsuntsu a bishiya. Na ce a raina, Auta ta gama aiki.

Na zagaya tamfol ɗin, sai na ga kujera ba kowa.

Yana tsaye a jikin tamfol, hannu ɗaya riƙe da sanda, ya manna kunnensa a jiki. Hularsa ta karkace. Takalminsa ɗaya ya cire a hanya bai ma tsaya nema ba. Ya ji motsina ya juyo da sauri.

"Wanne ne ya faɗi?"

"Ƙaramin ne, Baba. Ba abin da ya same shi, gwiwa ce ya ƙuje."

"Na ji kuka, sannan na ji ɗif. Na kira. Na sake kira." Ya saki sandar. "Ba wanda ya amsa."

"Ba mu ji ba ne."

"Na sani. Ai haka kuka tsara shi."

Na ajiye kofin a ƙasa, na ɗauko takalmin na sa masa, na kai shi kujera. Auta ta hango na daɗe, ta biyo ni, ta tsaya a bakin tamfol.

"Ni yanzu fuskarku ba na gani," in ji Baba. "Inuwa ce ke wucewa. Amma in na ce ku yi mini shiru, sai in ji 'To, Baba' daga kicin, in ji daga falo, in ji daga banɗaki. In muryar wani ba ta fito ba, na san ko ba shi da lafiya ko an ɓata masa rai. Ranar da kika yi faɗa da mijinki, a 'To' ɗinki na ji. Ranar da 'yarki ta faɗi jarrabawa ta ɓoye, ni na fara sani, don rediyon ya mutu tun safe."

Fushina ya taso, don na faɗa muku yadda nake. "Haba Baba! Haba! Tun muna yara kake cewa mu yi maka shiru!"

"Kun taɓa yi?"

"A'a."

"To, na taɓa tattara kayana na bar muku gidan?"

Auta ta yi wata 'yar dariya.

"Me ya hana ka faɗa tun ranar farko?" ta ce. "Da kwali ne kawai zan yanke."

"Ta ina zan fara? Kin zauna kin ɓata dare da rana kina manna mini ɗaki, yayarki na buga ƙirji. Na ƙi, kuka ƙara ƙofa. Na sake ƙi, kuka sa ƙararrawa." Ya gyara hularsa. "Sai na ce a raina, ƙila yaran nan sun gaji ne, suna neman inda za su ajiye ni cikin mutunci. In haka ne gara bakin tasha, can ko ba a san ni ba zan ji mutane."

Wannan maganar ta dake ni. Ni da na hana a sa bulo saboda shi, ni da ke kwana da tunanin kwatar nan, ashe duk tsawon lokacin mahaifina na zaune a ɗakin tsakiya yana tsammanin korarsa nake da ladabi. Na durƙusa a gabansa, na riƙe gwiwarsa, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna.

"Wallahi Baba hutu nake nema maka. Hutu kawai."

"Na gane yanzu," ya ce, ya dafa kaina. "Tashi, kada yara su gani su raina ki. Ki ji, Malama. Ɗaki mai shiru, wanda ba mai damuna, akwai shi yana jirana, uwarku ta riga ni shiga. Wannan ba sai Auta ta zana mini ba. Kafin in je can, ku sa ni inda za a dame ni."

Auta ta goge ido da bayan hannu, farar ƙasa ta shafe mata kumatu. "In na kai ka tsakiya, jikin kicin, ƙofarka na kallon falo, za ka zo?"

"In kin yi haka, gobe ma a fara haƙa."

Auta ta sunkuya ta kama turken kusurwar ɗakin, ta jijjiga shi ta tuge, ta wuce na gaba. Baba ya lalubo kofinsa a ƙasa, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Ya huce," ya ce. "Kai ni can wurinsu a zuba mini wani."

Na kama hannunsa muka tashi.